Shin Alƙalami Na Iya Mayar da Ɗan Gida Baƙo?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure ya san cewa mutanen Ɓaɓura da na Magarya, cikin Jumhuriyar Nijar, dangin juna ne, ga auratayya ga cin kasuwa. Amma da Ingila da Faransa suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai wa da ƙane suka wayi gari kowa da tasa dokar, alhali kuwa babu wanda ya ɗaga daga gonarsa.

Ko a cikin Nijeriya ma Turawa ba su ɗauki kowa ɗaya ba. Haifaffen Ikko talakan Sarkin Ingila ne, kuma dokar 1948 ta mai da shi ɗan ƙasar Ingila da ƙasashen da take mulki. Mutumin Roni ko Gwiwa kuwa matsayinsa bai wuce na wanda ke ƙarƙashin kariya ba. A can tsallaken iyaka, dokar Faransa ta 1946 ta kira mutumin Magarya ɗan ƙasa, bayan shekaru yana aikin tilas. Da aka sami mulkin kai a 1960 aka sake wa kowa suna, sa'an nan a 1962 Ingila ta ƙuntata ƙofar shiga ga mutanen ƙasashen da ta mulka.

Wannan ciwo bai tafi tare da Turawa ba. A 1980 an kwashi Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, aka kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. A Janairun 1983 kuma aka ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutane fiye da miliyan ɗaya suka tashi. Haka nan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ɗan Kazaure da ya tsufa a birnin Kano ya zama ɗan wata jiha.

To, me Musulunci ya ce? Lalle ne shugaba yana da ikon tsare iyaka, ya san mai shiga da mai fita, domin garin da ba ƙofa ba ya barci. Amma wannan iko yana da linzami, watau amana. Malaman fiƙihu sun bayyana cewa wanda ya shigo ƙasa da aminci, jininsa da dukiyarsa sun haramta, kuma in za a sallame shi sai an sanar da shi, an isar da shi inda zai aminta. Ran da aka buɗe Makka, Ummu Hani ta ba waɗansu mushirikai mafaka, Manzon Allah kuwa ya zartar da amanarta. In alkawarin mace guda ya ɗaure jama'a duka, ina ga alkawarin hukuma?

Saboda haka dokar da za ta shafi masu zuwa nan gaba daban, wadda za ta waiwayo ta tumɓuke wanda ya riga ya gina gida, ya haifi 'ya'ya, ya binne iyayensa, ita ma daban. Ta farko tsari ce, ta biyu kuwa cin amana ne, ko da an buga mata hatimi.

Nauyin nan bai tsaya kan masu mulki kaɗai ba. Mai unguwar da ke shaidar asalin mutum, da akawun da ke rubuta takardar, da maƙwabcin da ke nuna ɗan'uwansa da yatsa don ya gaje masa rumfa a kasuwa, kowannensu zai amsa tambaya ranar da ba a neman fasfo.

Allah Ya sa a gane gaskiya, Ya ba da ikon binta, amin.