Auta Ya Sayar da Tukunya Ya Sayo Faranti

Kwamfutar da na ba Auta ba irin wadda ake fitarwa a gaban mutane ba ce. Gwanjo na saye ta tun ina bautar ƙasa, baƙa, mai kauri kamar rajistar asibiti. Maɓallin harafin E ya ɓalle tuntuni, sai ɗan kan robar da ke ƙasa ake dannawa. Murfinta kuwa salatif ne ke riƙe da shi ta gefen hagu. In ta ɗau zafi fankar cikinta ta kama gurnani, Umma takan ɗaga labule ta tambaya ko markaɗe aka fara a ɗakin. Babbar cutarta batir: a zare caja, ko minti goma ba ta kaiwa. Duk da haka da ita na rubuta kundin digirina, da ita kuma Auta ya lallaɓa har aji huɗu a jami'a.

Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar fetur da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Janaretan gidanmu da ake tayarwa kullum bayan isha'i ya koma sai ranar da aka yi baƙi. NEPA kuma kowa ya san halinta, ta kawo ƙarfe biyun dare ta ɗauke kafin asuba. Yaro yana da kundin kammala karatu a gabansa, kwamfutarsa ta zama gawa mafi yawan yini. Yau in an tambaye ni zan ce kukansa na gaskiya ne. A lokacin ban ga haka ba.

Wata ranar Juma'a da yamma ya same ni a zaure.

“Yaya, so nake in canja kwamfutar nan.”

“Da me?”

“Da tab. Wani abokina yana da ita, wallahi duk abin da laftof ke yi tana yi. Yini guda ba ta neman caji, in ma ta mutu fawa-bank ya ishe ta.”

Na ce masa wannan abin wasan yara ne, na kallon fim da buga gem, kada ya sake kawo mini maganar. Na ci gaba da latsa wayata. Ban tambaye shi abin da ya rage masa a kundin ba, ban tambayi da wace manhaja zai yi shi ba. Raini kawai na ba shi, kuma matashi in ka raina ra'ayinsa ka gama tura shi ya aikata.

Ranar Asabar ya ɗauki kwamfutar ya nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Ya sayar, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, da wanda Umma ta ba shi daga kwasar adashenta ba tare da na sani ba, ya dawo da kwamfutar hannu mai Android, sabuwa fil a kwali, inci 11, da ɗan kibod da ke haɗuwa da ita ta Bluetooth. Daga baya na bi diddigin cinikin, don na so in sami wanda zan ɗora wa laifi. Ban samu ba. Auta ya tambayi mai shago ko tana yin Word, ya ce tana yi. Excel fa? Tana yi. Intanet? Har layi take ɗauka. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. An amsa masa daidai abin da ya tambaya.

Mako biyun farko amarci aka sha. Yana kwance yana karanta littattafan da ya sauke, yana ja wa muhimman wurare layi da yatsa, an ɗauke wuta ko a jikinsa. Cajar tsohuwar kwamfutar wat 65 take ja, ga ta da wani dunƙule kamar bulo. Wannan kuwa cajar waya ta ishe ta. Umma ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ta ce, “Yanzu wannan farantin ne ya cinye kuɗina?” Sunan ya bi ta.

Ranar da ya zauna gyaran babi na biyu ne faranti ya fara nuna iyakarsa. Word ta buɗe, ga rubutunsa nan sarai, amma ta hana shi taɓa ko harafi. Ashe Microsoft na barin mutum ya yi rubutu kyauta ne a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba; abin da ya ɗara haka sai an biya kuɗin wata-wata. Shi kuwa babbar ya zaɓa don ta fi kama da laftof. Ya koma wata manhajar kyauta, ya yi aikinsa, ya kai shagon buga takardu. Da aka buɗe a kwamfutarsu sai jadawalai suka tsallake shafi, lambobin shafukan farko da ake so da lambar Rumawa suka koma 1, 2, 3. Ya biya aka gyara. Bai gaya mini ba.

Babi na huɗu ne ya kasa ɓoyuwa. Ya raba takardun tambayoyi, ya tattaro su cike da jaka, malamin da ke duba aikinsa ya ce a yi lissafin da SPSS, a kawo masa nan da kwana goma. Auta ya karɓo manhajar a filash daga wurin abokinsa, ya sayi 'yar igiyar OTG, ya soka, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Ya kwana yana neman dabara a YouTube har datarsa ta ƙare.

Da safe ya tafi wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta da ke unguwarmu, wanda kowa ke kira Injiniya. Ni na raka shi, don a lokacin ya riga ya faɗa mini, kansa a ƙasa. Injiniya ya sa tabarau, ya duba, ya miƙo masa abarsa.

“Ɗan samari, lafiyarta ƙalau. Waya ce da ta yi girma.”

“To Baba, ba yadda za a yi a sa mata?”

“Ka taɓa ganin an sa kaset a gidan faifan CD? SPSS don Windows da Mac aka yi ta. Wannan Android ce, yarensu ba ɗaya ba.”

Ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun nema tun farko. Ya ce akwai kwamfutar hannu da ke ɗauke da Windows cikakkiya, irin Surface Pro da Microsoft ta fara fitarwa a 2013; ita kam za ta ɗauki SPSS, amma kuɗinta ya sayi laftof mai kyau har da canji. Ya ce wasu na Samsung suna da abin da ake kira DeX, ka danna fuskar ta koma kamar ta kwamfuta, da tagogi da linzami, amma riga ce aka canja, mai rigar yana nan Android ɗinsa. Sannan ya dubi Auta ta saman tabarau.

“Da za ka je sayen, ka tafi da aikin naka ka gwada a kanta?”

“A'a, Baba.”

“To ka yi cinikin biri a sama.”

Daga nan muka wuce kasuwa ko za a dace. Wanda ya sayi tsohuwar ya ce ai ko kwana uku ba ta yi ba, an farke ta an sayar da kayan cikinta ɗaya-ɗaya. Muka taya wata irinta, kuɗin da aka faɗa ya ɗara abin da aka ba Auta nesa ba kusa ba, don dala ta tashi, kuma dama mai saye da mai sayarwa ba bakinsu ɗaya ba. A cikin a-daidaita-sahu muna dawowa ban bar komai ba. Na ce ya saki reshe ya kama ganye. Na ce ai na faɗa masa. Bai tanka ba.

Abin da ya cece shi kwamfutar wurin aikina ce. Nakan dawo da ita gida da magariba cike da caji, ya karɓa bayan isha'i, ya shigar da amsoshin mutane ɗaya bayan ɗaya har batir ya ƙare, ya jira NEPA, in ta kawo ya tashi ya ci gaba. Bakwai na safe in karɓe abata. Dare tara ya yi a haka, idanunsa suka yi ja kamar gauta. Wani dare Umma ta kawo masa shayi, ta ga farantin a jingine yana nuna littafi, kwamfutar kuma a kan cinyarsa, ta ce, “Auta, faranti ai na zuba tuwo ne. Tuƙi sai tukunya.” Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, don na ɗauka ni aka goya wa baya.

Ya miƙa kundin, ya tsallake. Da labarin ya tsaya nan, da ni ne mai gaskiya.

Yana zaman jiran bautar ƙasa sai wata ƙungiya ta nemi matasan da za su bi gida-gida a ƙauyukan wajen Ɗambatta suna tambayar iyaye game da rigakafin yara. Sharaɗinsu mutum ya iya Hausa da Turanci, kuma ya zo da na'urarsa mai Android. Aka ɗauke shi. Aka sa musu KoboCollect, manhajar da ke aiki ko babu sabis: ka cike amsa, ta ajiye, ta ɗauki daidai inda kake tsaye ta GPS, in an sami intanet a tura. In uwa ta ce yaron bai taɓa karɓar allura ba, da kanta take tsallake tambayoyin da ba su shafe shi ba.

Na kai masa saƙo sau ɗaya, ranar wata Lahadi, na same shi a wani zaure a kan tabarma. Maigidan yana gefe, matar tana amsawa daga bayan ƙofa, yara sun yi cincirindo suna leƙen gilashin. Farantin yana kan gwiwarsa, hannu ɗaya ya riƙe, ɗayan yana dangwalawa. Da aka miƙo katin rigakafin yaron, ya ɗaga ya ɗauki hotonsa, ya mayar. Garin babu turken wuta ko ɗaya. Abokan aikinsa masu ƙananan wayoyi kafin la'asar sun fara neman mai caji da sola, shi kuwa har magariba da sauransa. Na tsaya ina ƙiyasta tsohuwar kwamfutata a wannan zauren, da salatif ɗinta da minti gomanta. Ko bismilla ba za ta kai ba.

Da dare kuma, a masaukinsu, shugabar tawagar ta buɗe laftof ta jawo duk abin da suka tura, ta jera a Excel, tana tace inda aka yi kuskure. A nan na tuna cewa shi kansa Steve Jobs, da ya fito da iPad a 2010, bai ce ta zo ta kashe laftof ba. Wuri ya nema mata tsakanin waya da laftof. A shekarar ce kuma ya kwatanta kwamfutoci da manyan motocin ɗaukar kaya, waɗanda ba kowa ke buƙata ba amma ba a rabuwa da su. Talla da zumuɗin masu saye ne suka ƙara wa miyar gishiri.

Da na dawo na ba Umma labari, har na ce ashe abin nan yana da amfani. Ita ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai ma Babba da naka. Yaro ya zo maka da shawara, ka kore shi da abin wasan yara. Da ka zaunar da shi kun lissafa abin da zai yi da ita, da kuɗin adashena bai tafi a gaggauce ba.” Na buɗe baki, na rufe. Shi ya saya bai gwada ba, ni na kushe ban gwada ba, kuma ni ne babba.

Mako uku ya yi a aikin. Da aka biya su ya ce in raka shi Farm Centre. Wannan karon da filash a aljihunsa, ciki akwai babi na huɗu da fayil ɗin lissafinsa. Ya zaɓi wata gwanjo, ya ce a sa mata abin da zai yi aiki da shi a gabansa. Ya buɗe kundin ya bi shafi-shafi. Ya danna kowane harafi a kibod, ya daɗe a kan E. Sannan ya zare cajar da hannunsa, ya dubi agogo, ya ja benci ya zauna. Mai shago ya ce, “Malam, saye za ka yi ko gadi?” Auta ya ce, “Yi haƙuri, Alhaji, an taɓa cizona.” Sai da ta yi awa guda ba ta mutu ba ya fara taya ta.

Farantin yana nan. In aikin ƙauye ya taso Auta ya ɗauka, in babu yana ɗakin Umma. Ta gano ana iya buɗa rubutun Alƙur'ani da yatsu biyu ya yi manya-manya, har ta daina neman tabaraunta da asuba. Ranar da Auta zai tafi sansanin bautar ƙasa ya zo ɗauka, ta ce ya tafi da tukunyarsa, wannan kuɗin adashenta ne.