Tashin Duniya a Majigin Zane

  

Ya ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu muna ɗauka duk majigin da aka yi da zane na yara ne, sai mu miƙa musu waya mu juya baya. To, ba haka abin yake ba. Akwai waɗanda aka yi don manya, kuma zancensu ɗaya ne: halakar duniya.

A 1988 aka fito da Akira a Japan, aikin Katsuhiro Otomo. Da rushewar birnin Tokyo yake farawa, sannan ya nuna wani saurayi da ya sami ƙarfin da ya fi shi, har jikinsa ya kumbura ya gagare shi. Jini da kisa sun cika shi, bai dace da yaro ba ko kaɗan. Ba mamaki irin wannan ya fito daga ƙasar da aka jefa wa bom na nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne When the Wind Blows, na Ingila, na 1986. Wani dattijo ne da matarsa a ƙauye, yaƙin nukiliya ya same su. Suka bi takardar gwamnati sau da ƙafa, suka jingina ƙyamaren ɗaki a bango suka fake. Bom bai kashe su nan take ba. Gubarsa ce ta ci su sannu a hankali: gashi yana zuba, dasashi yana jini, su kuwa suna ta jiran hukuma ta zo. Da ƙarshe ya matso, matar ta ce su yi addu'a. Mijin ya fara, kalmomin suka rikice masa, ya haɗa su da wata waƙar yaƙi da ya haddace. Subhanallahi! Harshen da bai saba da ambaton Allah ba, da wuya ya same shi a wannan lokaci. Kowannenmu ya tambayi kansa.

Amma mu lura, abin da suke nunawa ɓarna ce ta hannun ɗan Adam, wadda wasu kan tsira daga gare ta. Alƙiyama daban take. Saninta yana wurin Allah shi kaɗai, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, aya ta 187, kuma bayanta akwai tashi da hisabi, abin da majigin nan ba ya kaiwa gare shi. Ba a kuma umurce mu da yanke ƙauna ba. Imam Ahmad ya ruwaito hadisin Anas, inda Annabi (SAW) ya umurci mai riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Sa'a tana tsayuwa.

Saboda haka, uba ya duba abin da ɗansa yake kallo kafin ya bar shi da shi. In yaro ya riga ya gani ya tsorata, kada a yi masa tsawa. A zaunar da shi, a bambance masa labarin da mutum ya zana da abin da Allah ya faɗa, a koya masa addu'ar kwanciya barci.