Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara

Duk wanda ya ratsa ƙasar Haɗeja zuwa Nguru zai lura cewa tsofaffin hanyoyin ƙauyuka ba sa miƙewa. Sukan karkata, su bi bayan jigawa, su kewaye fadama, sannan su faɗa gari. Baƙo zai ce ɓata lokaci ne. To, amma wa ya shata su haka, mutum ne ko ruwa?

A wannan yanki kogin Haɗeja da na Jama'are sukan rarrabu zuwa ƙananan rafuka tsakanin tuddan yashi kafin su zama kogin Yobe. Magabata sun kafa gidajensu a kan tudu tare da gero, suka bar wa shinkafa da kifi da shanu kwari. Da damina kwalekwale ne hanya, da rani kuwa jaki ya bi inda ruwa ya janye. Wato sun yarda cewa ruwa ya riga su zuwa, kuma yana da haƙƙin wucewa.

Mu kuwa mun sami ƙarfin da ba su samu ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Gonakin rani sun bunƙasa a ƙasar Kano, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ambaliyar shekara-shekara da manoman fadama ke jira ta sauya, kachala ta toshe rafuka, ruwa ya koma bin inda ba a san shi ba. Da ambaliyar 2022 ta zo Jigawa, gidaje da gonaki da hanyoyi duk ta ci.

Nan ne tambayar take. Idan mutum ya gina gida a bakin rafi, ko aka ɗaga titi ba tare da isassun kwalbatoci ba, ruwa ya koma kan ƙauyen da ke gefe, shin ƙaddara ce kawai? Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke ganganci. A ganina, duk wanda ruwan da ya bi ta gonarka zai isa gonarsa maƙwabcinka ne, ko da tafiyar kwana uku ce tsakaninku, kuma haƙƙin maƙwabtaka yana kanka.

Saboda haka kafin mu miƙar da hanya, mu tambayi dattawan gari dalilin da ya sa ta karkace. Allah Ya sa mu gane.