Ranar da Kuka Maido Shi Gida

Ƙanwata,

Jiya da masu gaisuwa suka watse, kin riƙe hannuna kika ce, "Yaya, da mun bar shi a asibiti fa?" Bakina ya yi nauyi, ban ce komai ba. Shi ya sa na rubuto.

An yi rashi babba. Yaro ɗan shekara 7, takalminsa na Islamiyya har yanzu yana bakin ƙofa. Ɗan fari ne, kuma na san kunya ta hana ki ambaton sunansa yana raye, yanzu tana neman hana ki kukansa. Ki yi kuka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, kuma a cikin 'ya'yansa bakwai Nana Faɗima kaɗai ce ta rayu bayansa.

Ina nan aka yi komai. Wata takwas kuna zarya tsakanin Kano da asibitin Shika. An cire ƙodar da ciwon daji ya kama, an yi ta ƙarin ruwan magani har gashin kansa ya zube. Kin sayar da sarƙarki, babansa ya sayar da fili. Ranar da likita ya zaunar da ku ya ce ciwon ya kai huhu, ya wuce magani sai dai a rage masa raɗaɗi, dangi suka rabu. Wasu suka ce Indiya, wasu Masar, wasu suka ce a bar shi kusa da na'urar iska. Kowa da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ba su ne suke kwana a ƙasa gefen gadonsa ba.

Ku kuka tambayi yaron. Ya ce gida yake so, wurin tantabarunsa.

Na san iyayen da suka zauna a asibiti har ƙarshe, domin a can hankalinsu ya fi kwanciya. Ban ga laifinsu ba, ban ga naku ba. Kun yi istihara, kun karɓo maganin rage ciwo, kun koyi ba shi a kan lokaci. Ya yi kwana 19 a ɗakinki. Ya sha kunun kakarsa, ya ji kiran sallar masallacin unguwa, ya cika da asuba kansa na bisa cinyarki. Wa'adin da aka rubuta masa, da a Indiya yake ma, a wannan asubar zai same shi.

Malamai suna karantar da mu cewa wanda aka ɗauke masa ɗa ya gode wa Allah, ana gina masa gida a Aljanna mai suna Baitul Hamdi. Ba sai kin ji ƙarfin haka yau ba. Haƙuri a hankali yake shiga, kuma Mai rahama ya san nauyin da kike ɗauke da shi.

Allah ya sa mai ceto ne. Ki gaishe da babansa. Zan zo ranar Juma'a, in kawo wa tantabarun gero.