Kason da Ba Ya Shiga Hannu

Masana tattalin arziki suna auna ƙarfin ƙasa ta hanyar tattara darajar duk kaya da ayyukan da aka samar a cikin iyakokinta cikin shekara guda, wato abin da ake kira GDP, sannan su raba jimillar da yawan mazauna domin a fitar da kason kowane mutum. Bisa wannan lissafi, Luksemburg, ƙaramar ƙasar da ke tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam wadda mazaunanta ba su kai 700,000 ba, takan sami fiye da dala 120,000 a kan kowane mutum, alhali kason ɗan Nijar bai kai dala 1,000 ba. Abin tambaya shi ne ko wannan adadi yana bayyana halin da mutum yake ciki, ko kuwa ƙasa kaɗai yake siffantawa.

Rabon da ake magana a kai rabo ne na alƙalami, domin babu wanda aka taɓa danƙa wa kasonsa a hannu. A Luksemburg ma'aikata fiye da 200,000 ne suke tsallako iyaka kowace rana daga maƙwabta, ana lissafa abin da suka samar amma ba a lissafa su cikin masu rabo, don haka kason ya kumbura. Lamarin Ikwatoriyal Gini ya fi muni, inda man fetur da aka fara haƙowa a shekarun 1990 ya sa ta cikin sahun gaba a Afirka a wannan ma'auni, yayin da talakawanta ba su ga alherinsa yadda adadin ya nuna ba. A 2014 kuma Nijeriya ta sake tsarin lissafinta, jimillar ta kusa ninkawa zuwa kimanin dala biliyan 510, ba tare da tukunyar kowa ta ƙara cika ba. Girki da reno da jinyar tsofaffi, waɗanda mata suke yi ba lada ba kuɗi, ba sa shiga lissafin ko kaɗan.

Harshen Hausa ya bambanta dukiya, wadda ake tarawa ake ƙirgawa, da wadata, wato isar abin da mutum yake da shi ga bukatarsa har asirinsa ya rufu. Masanin falsafa Aristotil ya riga ya nuna cewa ana neman dukiya ne domin wani abu daban, kuma a kan wannan turba masanin tattalin arziki Amartya Sen ya kafa ra'ayinsa na cewa ci gaba shi ne faɗaɗar abin da mutum yake da ikon yi da ikon zama, kamar samun lafiya da ilimi da tsawon rai. Tunanin Sen da na takwaransa Mahbub ul Haq ne ya haifar da ma'aunin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990. Malaman Malikiyya, a babin zakka, sun bi ta hanyar da ta fi wannan kusantar mutum, domin sun bayyana fakiri da cewa shi ne wanda bai mallaki abin da zai ishe shi shekara guda ba, wato sun dubi rumbun kowane magidanci ba tare da arzikin maƙwabcinsa ya rufe talaucinsa ba.

Duk da haka, kuskure ne a yi watsi da adadin don samun sanyin zuciya, domin tazarar gaskiya ce: jaririn da aka haifa a Luksemburg ana sa ran ya haura shekara 80, na Nijar kuwa 60 da 'yan kai, kuma ƙasar da ba ta samar da yawa ba, ba ta da abin gina asibiti ko makaranta ko da shugabanninta adalai ne. Kason kowane mutum yana nuna abin da ƙasa take da ikon yi wa mutanenta, amma bai isa ya zama shaida cewa ta yi musu ba, kuma gwamnatin da ta kafa hujja da shi a gaban mai yunwa ba ta amsa tambayarsa ba.