Harshen Wa Tukunya Za Ta Bi?

A gidajenmu, wanda ya ce miya ta yi yaji shi ne abin dariya. Mukan kira shi rago, kamar juriyar attarugu wata jarumta ce da muka yi wa gumi.

Sinadarin kafsaisin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyar da ke sanar da jiki zafi ne, wadda takan farka idan zafi ya kai wajen digiri 43. Harshe bai ƙone ba, ƙwaƙwalwa ce ta karɓi saƙon gobara. Wanda aka yaye shi da yaji, jijiyarsa ta gaji da ihu. Tsuntsu ma yana cin barkono bai ji komai ba, ba wanda ya kira shi jarumi.

Ko Wilbur Scoville, da ya ƙirƙiro ma'aunin yaji a 1912, da harsunan mutane ya auna: a yi ta sirka ruwan barkono da ruwan sukari har masu ɗanɗano su daina ji. Sauya mutanen, lissafi ya sauya. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tarkon: abu ya yi aiki a kwamfutarmu, sai mu ɗauka haka yake a ta kowa.

To tukunya ɗaya ce, ga yaro, ga mai gyambon ciki, ga baƙon da kunya ba za ta bar shi ya nemi ruwa ba. Yaji kuwa ana ƙara shi, ba a cire shi. Mai tsire ya gane haka tuni, yakan ƙulle yajin daban a takarda. Mu kuma sai mu jajjaga attarugu biyar, mu zura wa baƙon ido mu ga ko zai yi hawaye.