Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Idan dattijo ya ga yaro mai sakin baki, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, da wannan karin magana yake ja masa kunne. Ciki ma'aji ne. Shi ke riƙe asiri, shi ke haɗiye fushi, shi ke danne kwaɗayi. A ganina, a nan hikimar azumin kwana 40 da Kirista ke yi kafin Ista take.

Ranar Larabar Toka ake farawa. Fada, wato limamin coci, ya dangwali toka ya zana gicciye a goshin mutum, ya tuna masa cewa ƙasa ce makomarsa. Tokar kuwa ta ganyen dabinon da aka ɗaga bara ne ana murna, aka ƙona. Daga ranar zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi 6, saura 40, adadin kwanakin da Yesu Almasihu ya yi a jeji bai ci kome ba. Da Shaiɗan ya zo masa, ta ƙofar ciki ya fara, wai ya mai da duwatsu gurasa. Yesu ya ƙi.

Katolika na barin nama kowace Jumma'a a wannan lokaci. Kiristocin Habasha sun fi tsanantawa, kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai. Amma yunwa ita ce ɓangare mai sauƙi, ko mai zazzaɓi ma yana ƙin abinci. Mai wuyar shi ne abin da za a zuba a gurbin da tuwo ya bari: addu'a, tuba, da yafe wa wanda ya ɓata maka. Annabi Ishaya, a sura ta 58, ya tsawata wa masu azumi suna faɗa da zaluntar ma'aikatansu, ya ce a raba abinci da mayunwata.

Sai batun asiri, inda karin maganar ta fi cizo. A Matiyu sura 6 Yesu ya umarci mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, kada ya yamutsa fuska don a yaba masa. Wanda leɓensa ya bushe a zafin bazara, sannan ya bi unguwa yana shelar azuminsa, ya riga ya karɓi ladansa a bakin mutane.

Ɗan'uwa, mudun hatsin da ba ka dafa ba yau, kai wa gwauruwar da ke maƙwabtaka da kai bayan duhu ya yi, kada kowa ya ji.